Wace kalma za mu sa wa "durable" in ana zancen kayan gini?

Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma ina son amsa daga magina da injiniyoyi da malaman makaranta gaba ɗaya. Duk wanda ya leƙa binciken da ake yi yanzu kan gine-gine, har da na ɗalibanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, zai riƙa cin karo da "matériaux durables". In an zo yi wa mutanen gari bayani a rediyo ko a taro, sai a ce "kayan gini masu ɗorewa". Ni dai fassarar nan ba ta kwanta mini ba.

Ka tare mutum a babbar kasuwa ka ce masa ya sayi kaya masu ɗorewa, wallahi siminti da rodi da kwano zai ɗora wa amalanke, kuma bai yi kuskure ba. Mu nan Maradi ai gida biyu muka sani, gidan dur na siminti da gidan banko na ƙasa, kowa kuma ya san wanda ake yi wa kallon na masu hali. To alhali masu binciken kusan kishiyar wannan suke nufi. In daɗewa ce kawai, me ya kai leda? Ga ta nan baƙa ƙirin a rassan itatuwa da bakin Gulbi, awaki na haɗiya suna mutuwa, har gwamnati ta kafa dokar hana ta a 2014. Leda mai ɗorewa ce ta ƙarshe, amma babu mai hankalin da zai sa ta cikin jerin kayan da ake magana a kai.

Rikicin yana cikin Faransancin kansa. Turancin Ingilishi ya raba kalma biyu, ɗaya ta abin da ba ya saurin lalacewa, ɗaya ta abin da ba ya ƙarar da tushensa. Faransanci ya ɗora wa "durable" kaya biyun, shi ya sa wasu masanansu suke gudu zuwa "soutenable". Asalin tunanin kuwa daga daji ya fito. A 1713 wani jami'in ma'adinai a yankin Saksoni na Jamus, Hans Carl von Carlowitz, ya ga ramukan azurfa da wuraren narkar da ita suna cinye itatuwan ƙasar, sai ya rubuta cewa kada a sare fiye da abin da dajin zai iya mayarwa. A 1987 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da Gro Harlem Brundtland ta Norwe ta jagoranta ya faɗaɗa batun: a biya bukatar mutanen yau ba tare da an tauye ta masu zuwa ba. Kun ga ke nan dajin ake wa tsoro, katakon da aka fitar daga cikinsa ko ya shekara ɗari bai warware matsalar ba.

Wata malamar makaranta daga Tasawa ta fara amsawa:

Malam, a yi hattara. "Ci gaba mai ɗorewa" ya riga ya zauna. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da muradun ci gaba 17 a 2015 haka gidajen rediyo suke faɗa dare da rana, haka muke koya wa yara. In kuka zo da sabuwa, mu za ku bari da aikin gyara.

Malama, na yarda, kuma ba zan taɓa wannan ba. A "ci gaba mai ɗorewa" ci gaban ne ake so ya ɗore, maganar ta tsaya daidai. Sai an liƙa kalmar a jikin bulo ko kwano take juyewa.

Sai wani dattijon magini daga unguwar Bagalam, wanda jikansa ya rubuta masa:

Ɗana, kun wahalar da kanku. Abin da ya daɗe bai lalace ba, ƙarko muka ce mishi tun kakanni. Tukunya mai ƙarko, zane mai ƙarko, gini mai ƙarko. Kuma ku bar raina ƙasa. Mu in za mu yi gini, sai a haƙo ƙasar a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana da kwanaki har ta ruɓa ta yi danƙo, sannan a mulmula tubali a shanya. In an zo yaɓe a sa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, shi ke hana ruwan sama cin bango. Bangon da ya faɗi kuwa ba a zubar da shi. A farfasa, a jiƙa, a sake tada wani da shi. Bulon siminti in ya fashe sai dai a cike rami.

Baba, Allah ya ƙara girma, ka raba mana rabin gardamar. Daga yau in ana nufin abin da ke jure rana da ruwa da gara, "mai ƙarko" ne, an rufe wannan babi. Maganarka ta bangon da ya faɗi a sake tada wani da shi kuma ita ce abin da muke nema wa suna.

Wani ɗalibin injiniya ya shigo da lissafi, na taƙaita shi don ya yi tsawo. Ya ce ana gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai digiri 1450 kafin a samu siminti, irin aikin da ake yi a Malbaza. Hayaƙin kuma ta hanya biyu yake fita: daga makamashin da aka ƙona, da kuma daga dutsen kansa, don in ya gasu yana sakin iskar kabon da ke cikinsa. Shi ya sa siminti kaɗai ke da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. Binciken da ake yi duk na rage wannan ne. Akwai tubalin matsi, wanda ake zuba ƙasa mai ɗan danshi a inji a matse, a sa mata siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ba a gasawa. Akwai tokar ɓuntun shinkafa, mai yawan silika, sinadarin da ke cikin yashi, wadda in an ƙona ta yadda ya kamata take maye gurbin wani kaso na siminti. Akwai kuma sabon simintin da masana a Suwizalan da Kyuba da Indiya suka haɗa, na gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa, wanda ke rage hayaƙin har zuwa kashi 40 cikin 100, don yumɓun digiri 800 ya ishe shi. Shawararsa: "kayan gini masu tattali".

Ƙanena, kalmar tana da kyau a takarda. Tattali ai shi ne riƙe abu da lura don kada ya ƙare. Amma kunnen mutane ya riga ya ɗaure ta da aljihu. Ka ce wa mai gida ga bulo mai tattali, abin da zai ji shi ne mai araha, daga nan sai ya fara zargin an rage siminti.

Wasu kalmomi biyu da aka kawo ba su samu karɓuwa ba. "Masu sabuntuwa" na hasken rana da iska ne da itacen da ke sake tohowa, ƙasar gini kuwa ba ta sabuntuwa. "Masu kare muhalli" kuma, a bakin talaka muhalli gida ne, sai a ɗauka ƙofar ƙarfe da kwaɗo ake talla.

Bari in tsaya a nan in faɗi wani abu da masu son ginin ƙasa ba su cika so a faɗa ba. Kasancewar abu na gargajiya ba ya ba shi wannan suna kyauta. Kowane gidan banko ya bar kududdufi a wani wuri, damina ta cika shi, sauro ya samu gida, wani lokaci har yara su faɗa. Azarar da ake rufi da ita giginya ce aka sare aka tsaga, giginya kuwa sai ta shekara da shekaru kafin ta isa sara, shi ya sa dajin giginyar yankin Gaya ya zama abin tsaro. Wannan ne ma ya kawo ginin da ba itace a Nijar tun shekarun 1980, inda ake rufe ɗaki da baka da ƙubba na tubali zalla. Jan bulo da ake gasawa da itace shi ma ƙasa ne, amma daji yake ci. Don haka kalmar da muke nema dole ta zama wadda za a iya hana wa abu, ko da kakanninmu ne suka yi shi.

Amsar da ta juya zancen daga wani manomi ta zo, mutumin wajen Agie:

Ranka ya daɗe, ni ban yi lakwal ba, amma abin ga da kuke faɗi mun san shi. In muna sassaben zamani ba mu tumɓuke kututture. Mu zaɓi rassa biyu ko ukku masu ƙarfi mu bari, mu datse sauran mu kai gida a yi wuta. Ka samu na yau, ka bar ma gobe. Ko hatsi, duk yunwar da aka yi ba a taɓa iri.

Jama'a, ku sake karanta wannan. Aikin da yake magana a kai a nan jihar Maradi ya samo tushe, tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sharewa a gonaki saiwoyin itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo a kudancin Nijar ta wannan hanya. A takardun ofis sunan aikin dogon Faransanci ne da ake taƙaitawa da haruffa uku. A gona kuwa sassaben zamani ne, kuma da wannan sunan ya bi ƙauyuka daga baki zuwa baki.

To ni na ɗauki maganarsa yadda ta fito: bar-ma-gobe. Kayan gini bar-ma-gobe.

Wani malamin Hausa daga Katsina ya ce ma'anar ta yi, amma kalmar ta yi kama da wasa, ba za ta shiga kundin digiri ba. Ya ƙara da cewa a Kano "bar-wa-gobe" za a ce.

Malam, na biyun babu gardama, "ma" tamu ce ta yamma, "wa" tasu ce, kowa ya rubuta tasa. Na farkon ne ban yarda ba. Haka Hausa take raɗa wa sabon abu suna tun fil azal. Da tangaran ya zo aka ce faɗi-ka-mutu, da hular Turawa mai baki ta zo aka ce hana-salla, ga dafa-duka, ga ka-fi-zabo. Duk da raha aka fara su, yau suna cikin ƙamus. Faɗi-ka-mutu ma ai bayanin injiniya ne cikakke a kan halin kayan: yana da tauri, ba ya lanƙwasa, in ya sha bugu sai ya tarwatse. Kuma lokacin jan ƙafa ya wuce. Tun 1973 ake gwada koyarwa da harsunan gida a makarantun Nijar, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In darasin kimiyya zai shiga aji da Hausa, ana bukatar kalmar da yaro ɗan shekara 10 zai ji ya gane ba sai an yi masa fassarar fassara ba.

Na gwada ta a jimloli don in ga ko za ta ɗauki nauyi. Leda tana da ƙarko amma ba bar-ma-gobe ba ce. Zana bar-ma-gobe ce amma ba ta da ƙarko. Tsakanin tubalin matsi da bulon siminti, wanne ya fi bar ma gobe? Wannan ta ukun ta fi burge ni, don masu bincike ba eh ko a'a suke nema ba, awo suke yi, kuma kalmar ta yarda a ce "ya fi" da "bai kai ba". Ginin da ya haɗa biyun kuma muna da shi a ƙasar nan: hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa aka yi ta, tana tsaye ƙarni da ƙarni saboda ana sabunta mata yaɓe. Na zamani kuma ga masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa, aikin da mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta yi da abokiyar aikinta, da tubalin matsi na ƙasar wurin.

Ɗalibin ya dawo ya tambaya yadda za a kira lissafin da suke yi na bin kaya tun daga inda aka haƙo shi, da dakonsa, da aikin da ya yi a jikin gini, har ranar da aka rushe. Dattijon Bagalam ya riga ni: daga kududdufi zuwa juji. Ban da abin ƙarawa.

Ga inda muka tsaya. "Ci gaba mai ɗorewa" yana nan yadda yake. Abin da ke jure wahala "mai ƙarko" ne. Abin da samunsa da aikinsa da zubar da shi ba su cinye rabon na baya ba, shi ne "bar-ma-gobe". In suna ne a rubuta da karan ɗori, in aiki ne a raba kalmomin, kamar "ya fi bar ma gobe". Ba ta da jam'i kuma ba ta da mace ko namiji, yadda faɗi-ka-mutu ba shi da su. Malamar Tasawa ta ce za ta saka ta a darasin tsabtar gari ta ga ko yara za su riƙe, amma ta gindaya sharaɗi: a samo mata kalmar "recyclage" kafin nan, don "sake sarrafawa" da ake faɗa a rediyo ƴan ajinta ba sa gane shi.