Uwa na gidan yari, wa zai riƙe yaran?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum, malamai. Matar da aka saki aka bar mata yara, idan kotu ta ɗaure ta, uban ne zai kwashe su?

Malamin Kwarbai: Wa alaikumus salam. A mazhabar Malikiyya, reno na barin uwa sai ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwar uwar, sannan kakar wajen uba, kafin a zo kan uban. Namiji har ya balaga, mace har ta tare. Ci da sutura da magani kuwa suna wuyan uba, ko a hannun wa yaran suke.

'Yar Sabon Gari: Malam ya faɗi daidai, amma kada a tsaya ga maganar baki. Kakar wajen uwa ta shigar da ƙara a kotun shari'a, da takardar hukuncin ɗaurin, takardun haihuwa da shaidu biyu, alƙali ya rubuta mata riƙon da kuɗin wata. Inda ake yin kuskure ke nan: babu takarda, uba ya ɗauke su ranar Sallah, ƙwato su ya zama aiki.

Ɗan Samaru: Jariri mai shan nono daban ne. Yakan zauna da uwarsa a ciki har wata 18, daga nan dangi su karɓa.