Abin da mazauna Makka suka ce kan zaɓen otal

Daren jiya bayan Isha muka zauna da 'yan'uwa Hausawa mazauna Makka, hira ta gangaro kan otal ɗin masu Umara. Ga abin da na tsinta.

Bakinsu ya zo ɗaya kan nisa. Wani dattijo ya ce kada a ruɗe ka da "mita 500 zuwa Harami", domin Makka gari ne na duwatsu. Ta ɓangaren unguwar Ajyad akwai hawa, mai ciwon gwiwa zai gane kurensa. Titin Ibrahim Khalil zuwa unguwar Misfala ya fi sauƙin taka wa. Unguwar Aziziyya kuwa da araha, amma sai da bas, don haka ka tambaya ko motar otal tana aiki har Asuba.

Lifta ce aka fi daɗewa a kanta, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Wata Hajiya ta ce a hawa na 18 aka sauke ta, ta tsaya da darduma a hannu, lifta na buɗewa cike maƙil tana rufewa, har aka tada iƙama. Shawararta: ƙirga liftocin, ka nemi hawa na ƙasa.

In ka shiga ɗaki, kunna esi, murɗa famfo, ɗaga zanen gado ka duba. Tambayi gado nawa ne, don akan cusa huɗu a ɗakin mutum biyu.

Taurarin da ake nuna darajar otal da su kam, ba wanda ya damu da su. Kuɗi kuwa a goman ƙarshe na azumi tashi yake, sai a kama ɗaki da wuri.