Ranar da Shepherd ya harbe Ghost, ina kuke?

Na Gusau: Salam jama'a. Jiya ƙanena ke buga Call of Duty a waya ya ce mani wai Ghost rigar ado ce kawai da ake saye, wallahi sai da raina ya ɓaci. Waɗanda sunka buga Modern Warfare 2 na 2009 ku zo mu tuna. Ni a wani shagon gem na gan shi, mu kusan goma kan benci guda pad ɗaya na zagayawa, mun sha wuya kafin mu fito gidan nan na ɗan ta'adda Makarov da na'urar bayanai, abokin yaƙinka Ghost na jan Roach, sojan da kake bugawa da shi, a ƙasa har wurin jirgi, muna ta murna an tsira sai ga ogansu Janar Shepherd ya ɗirka ma Roach harsashi ya juya ya harbe Ghost ya ɗauke kayan. Shagon ya yi tsit, ƙarar janareto kawai kake ji.

Ɗan Kabi: Kai malam ka tono mani ciwo. Ni ba harbin ne ya dame ni ba, fetur ɗin da anka zuba musu cikin rami, ga Kyaftin Price, ɗan ɓangarensu, a rediyo yana ta ihu kar su yarda da Shepherd amma aikin gama ya gama, Shepherd ya jefa sigarinshi ya tafi abinshi. Wani yaro a bayana har ƙwalla, munka yi ta yi mishi dariya alhali mu ma dauriya ce kawai.

Mai Kifi Argungu: Ni ana isowa daidai wurin jirgin anka ɗauke wuta, mai shago ya ce babu mai, sai gobe. Kafin goben wani abokina ya riga ya fesa mani labarin a hanyar makaranta. Har yau ban yafe mishi ba.

Baban Hajiya: Ku dai kuna ta Shepherd, ai Makarov ya fi shi mugunta. Wanda ya kashe bayin Allah a filin jirgin sama na Mosko ya laƙa ma Amurka, sannan a Modern Warfare 3 na 2011 shi ne sanadin mutuwar Soap, abokin yaƙin Price, a Prag.

Na Gusau: Yaya ai Makarov tun farko ka san maƙiyi ne, ba ka taɓa ba shi baya ba. Shepherd kuwa oganka ne, shi ya aike ka. Ko da anka ce haushin sojojinshi 30,000 da nukiliya ta cinye a Modern Warfare na farko na 2007 ne ke cin shi, mi Ghost ya yi mishi?

Ɗan Kabi: Shi ya sa ƙarshen ya yi mani daɗi. Soap kwance jini na zuba, wuƙa a ƙirjinshi, Shepherd na ta jibgar Price, kai kuma kana danna maɓalli kamar za ka fasa pad har wuƙar ta fito ka jefa ma Shepherd a ido. Mai shago ya ce in na lalata pad ni zan biya, na ce na ji.

'Yar Talata Mafara: Ni kallo kawai nike yi in yayana na bugawa a falo, amma ranar har Inna ta leƙo ta ce wa ya mutu. Ya ce mata Ghost. Ta ce ɗan gidan wa?