Minoxidil a gemun ɗan shekara 16: a bari ko a hana?

Mai shagon aski: Assalamu alaikum. Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, minoxidil, wato ruwan maganin nan da ake shafawa a kai domin sanƙo, ba shi da wata illa ga saurayi ɗan shekara 16 ko 17 wanda gemunsa ya fito tsilli-tsilli, kuma hana shi shafawa tsaurin ra'ayi ne kawai. A kujerata nake ganin yaran da a da ba su da komai sai 'yan gasu a haɓa, bayan sun yi watanni suna shafawa saje ya haɗu da gemu har ana iya yi masa layi. Tun da magani ne da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, mene ne abin ɗaga hankali a ciki?

Mai kantin magani: Wa alaikumus salam. Malam, takardar da ke cikin kwalin ita da kanta ta ce ba na wanda bai kai shekara 18 ba ne. Asalinsa ma ƙwayar hawan jini ce da aka amince da ita a Amurka a 1979, sai likitoci suka lura masu shan ta gashi na fito musu a jiki, daga nan aka yi na shafawa, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da shi a 1988 domin fatar kai, ba domin fuska ba. Aikinsa na buɗe hanyoyin jini yana nan, shi ya sa wanda ya zarce ƙima kan iya fuskantar bugun zuciya da jiri da kumburin ƙafa. Ƙimar babba mililita 1 ce sau biyu a rana, alhali yaron da ke gaggawar ganin ƙasumba kafin Sallah ba ya auna komai, zubawa yake a tafin hannu ya murtsuke fuska da shi.

Ɗalibin jami'a: Hajiya, da girmamawa, ba daidai ba ne a nuna kamar ba a taɓa gwada shi a gemu ba. A 2016 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙasar Tailan, inda aka raba maza 48 gida biyu, wasu suka shafa minoxidil mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, wasu kuma ruwan da babu magani a cikinsa, kuma bayan mako 16 gashin gemun rukunin farko ya fi yawa. Saboda haka abin da mai aski ke gani ba mafarki ba ne.

Likitan fata: Ƙanena, binciken gaskiya ne, amma ka duba shekarun mutanen da aka yi shi a kansu: daga 20 zuwa 60. Babu yaro ko ɗaya a cikinsu, kuma abin da ya fi yawa a kasuwa mai kashi 5 ne, ba 3 ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kallon gemun ɗan shekara 16 a matsayin cuta. Gashin fuska yana da jerin fitowarsa: gefen leɓen sama ne kan fara, sannan saje da ƙarƙashin leɓen ƙasa, sai haɓa, kuma kumatu su ne kan cika a ƙarshe, ga maza da yawa sai sun haura shekara 20. Gado ma yana da babban kaso a ciki, domin akwai gidajen da daga kaka har jika babu mai cikar ƙasumba, kuma lafiyarsu ƙalau. To, yaron da ya fara shafa magani yana ɗan 16 ya ga gemu ya ƙaru yana ɗan 17, kamar wanda ya yi roƙon ruwa ne a watan Agusta, ruwan zai zo ko bai roƙa ba. Malam mai aski yana ganin sakamako da idonsa, ban ƙaryata shi ba, sai dai ba shi da hanyar bambance aikin kwalba da aikin balaga.

Mai shagon aski: Likita, na ji wannan, amma idan gemun zai zo da kansa kuma maganin ya ɗan gaggauta shi, ina asarar? Ba ku san irin tsokanar da yaran nan ke sha a wajen abokansu ba.

Likitan fata: Na san ta, Malam, kuma ba na raina ta. Asarar tana wajen yaron da matsalarsa ba jinkirin balaga ba ce. Idan wuri ya riga ya yi gashi, a kai ko a gemu, sai kwatsam ya zube ya bar da'ira sumul mai faɗin kwabo, babu ƙaiƙayi babu ɓawo, wannan galibi garkuwar jiki ce ke kai wa saiwar gashi hari. Da yawa gashinsu kan dawo cikin shekara guda, wasu kuma likita kan yi musu ƙananan allurai a wurin, kuma a 2023 Amurka ta amince da ƙwayar ritlecitinib domin masu tsananin wannan cuta daga shekara 12 zuwa sama. Idan kuwa wurin yana ƙaiƙayi, yana fitar da farin ɓawo, gashin ya kakkarye ya bar baƙaƙen ɗigo, to makero ne, kuma minoxidil ba ya kashe shi. Makeron kai sai da maganin sha, irin su griseofulvin na tsawon mako 6 zuwa 8 ko terbinafine, domin ƙwayar cutar tana cikin silin gashin, inda man shafawa ba ya kaiwa. Idan aka yi sakaci har ya kumbura ya yi ruwa, yana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa a kansa ba har abada. Akwai kuma zubewar gashi wata biyu ko uku bayan zazzaɓi mai tsanani kamar taifot, da ta ƙarancin jini, waɗanda maganinsu gyara tushen matsalar ne.

Malamin makarantar kwana: Allah ya saka da alheri, Likita. Makeron nan shi ne abin da muka fi gani a ɗakunan kwanan ɗalibai, inda kilifa ɗaya kan zagaye kawuna da yawa, ga musayar hula da mataji. Abin takaici kuma, iyaye kan aiko da man shafawar nan mai haɗin magani uku, ya kwantar da ƙaiƙayin na 'yan kwanaki, daga baya wurin ya ƙara faɗi. Malam mai aski, ba da kai nake ba, amma ya kamata 'yan sana'arku su duba wannan kafin batun gemu.

Mai shagon aski: Malam, ni kilifata ba ta hawa kan wani sai an goge ta da sinadari, kuma wanda na ga kansa da ɓawo asibiti nake tura shi. Wata tambaya ce da ni: wasu yaran suna haɗa ruwan da ƙwayar finasteride da suke saye ta intanet, wai ta fi saurin aiki. Ita fa?

Likitan fata: Ita kam babu sassauci a kanta. Finasteride, wadda aka amince da ita domin sanƙon manyan maza a 1997, aikinta shi ne rage DHT, ɗaya daga cikin sinadaran maza da ke cikin jiki. Wannan sinadarin shi ke sa gashin kai ya sirance ga mai gadon sanƙo, amma kuma shi ne ke fitar da gemu, yana kuma cikin abubuwan da ke kammala balagar namiji. Yaron da ya sha ta domin gemu yana rage abin da gemun ke buƙata ne, ga haɗarin raunin sha'awa da damuwar rai da aka sani tattare da ita, kuma mace mai ciki ko ƙwayar da ta fashe bai kamata ta taɓa ba. Haka allurar testosterone, wato babban sinadarin maza, da wasu ke yi a ɓoye, tana iya rufe girman ƙashi da wuri, yaro ya tsaya bai kai tsawonsa ba, ta kuma rage yawan ƙwayoyin maniyyi.

Mai shagon aski: A kan ƙwayar da allurar na yarda da kai ɗari bisa ɗari, Likita, kuma zan riƙa faɗa musu. A kan na shafawa dai har yanzu ina ganin ɗan 17 da ɗan 18 babu wani bambanci a tsakaninsu.

Mai kantin magani: Malam, bambancin shi ne, likitan fata kan rubuta minoxidil ga matashin da bai kai 18 ba idan ya duba shi ya tabbatar sanƙon gado ne ya fara masa da wuri, ya auna jininsa, ya kuma sanar da iyayensa cewa idan aka daina shafawa gashin kan da aka samu kan zube cikin wata uku zuwa huɗu. Wannan daban ne da yaro ya shigo kantina shi kaɗai da kuɗin makaranta a aljihu. Wanda ya zo da takardar likita zan ba shi, in kuma gargaɗe shi ya ɓoye kwalbar daga ƙannensa, domin ƙaramin yaro in ya sha ta sai an garzaya da shi asibiti. Wanda ya zo babu takarda kuwa, sai dai in nuna masa hanyar asibitin fata.