Wai ta yaya aka iya karanta rubutun mutanen Maya?

Ɗan Kusugu:
Slm 'yan uwa. Jiya ƙanwata da ke karatun tarihi a jami'ar Umaru Musa ta nuna min hoton wani dutse na mutanen Maya, can Meziko, an sassaƙa masa wasu zane kamar kawunan mutane da na dabbobi, wai rubutu ne kuma wai masana na karanta shi har sunan sarki da ranar da ya hau gadon sarauta. Abin ya tsaya min a rai wlh. Rubutun da duk waɗanda suka iya shi sun mutu, wa ya koya musu? Ko dai shaci-faɗi ne?

Malamin Tarihi KT:
Wslm ƙanena, ba shaci-faɗi ba ne. Rubutun ne ya ɓace amma mutanen suna nan, miliyoyi a Meziko da Guatemala da Belize, suna magana da harsunan Maya wajen 30, da harshen bakinsu aka gano bakin zaren. A 1562 wani limamin coci ɗan Sifaniya, Diego de Landa, ya tara littattafansu ya banka musu wuta a garin Mani, yau huɗu kacal suka rage a duniya. To shi ɗin ne kuma ya zaunar da wani mutumin Maya yana faɗa masa haruffan Sifaniyanci shi kuma yana zana masa alamominsu, Landa ya ɗauka abacada ce, ya rubuta ya ajiye. Sai 1952 wani ɗan Rasha, Yuri Knorozov, wanda a lokacin ko ƙasar bai taɓa takawa ba, ya gane ashe alamomin da Landa ya rubuta gaɓoɓi ne, baƙi da wasalinsa a haɗe, kamar in ka kai farfaru a makarantar allo kana ba, bi, bu. Ya haɗa alamar ku da ta tzu ya samu kutz, talo-talo kenan da harshen Maya, ya haɗa tzu da lu ya samu tzul, kare, kuma ga hoton dabbar nan a gefen rubutun a littattafan Maya da suka rage. Eric Thompson na Ingila, babban malamin fannin, ya ƙi yarda da shi har ya mutu a 1975, wannan taurin kan ya ja wa ilimin nan asarar shekaru.

Bakatsiniya:
Malam a ƙara da Tatiana Proskouriakoff. Ita ce a 1960 ta bi kwanakin da ke jikin duwatsun Piedras Negras, wani tsohon birnin Maya, ta ga ai haihuwa ce da naɗin sarauta da mutuwar sarakuna, da ana cewa lissafin taurari ne kawai. Yanzu an san sarki Pakal na birnin Palenque ya hau mulki yana ɗan shekara 12, a 615, ya shekara 68 yana mulki. Da ka ce Mani sai da gabana ya faɗi, mu ma ga Durɓi Takusheyi, makabartar sarakunan da, nan a Maninmu na Katsina, yaranmu nawa suka taɓa zuwa?

Ɗan Kusugu:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya. Kun tuna min da akwatin kakanmu, cike yake da takardun ajami, gara ta fara cin na ƙasa, kuma baffanmu ne kaɗai ya rage mai iya karanta hannun, shi ma idonsa ya yi rauni. Juma'a in sha Allah zan je da waya in ɗauki hoton kowane shafi, in roƙe shi ya karanta ina naɗar muryarsa. Malam in na gama zan iya turo maka ka duba min?