Yawon babur zuwa tuddan rairayi: Agadas ko Yusufari?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Mu huɗu ne, babura huɗu, hutun sati ɗaya. Muna son ganin hamada ta gaske. Wasu na cewa Agadas, wasu Yobe. Manya, a ba mu shawara.

Alhaji na Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam, samari. Agadas gari ne da ya cancanci gani, ko don hasumiyar babban masallacinta ta laka mai tsayin mita 27, wadda aka gina a 1515. Amma sati ɗaya ba zai ishe ku ba. Daga Kano sai Daura, Kongolam, Damagaram, sannan kusan kilomita 450 ta Tanut, ga sha'anin iyaka da na tsaro tun juyin mulkin 2023. Ni dai a tafiyar farko Yusufari zan ce. Tuddan Tulo-Tulowa da dausayoyin Bulatura suna can, ba fasfo, ba canjin sefa. Ku bi Kano, Gumel, Malam Madori, Birniwa, ku kwana Nguru. Washegari Gashuwa, sai Yusufari.

Malama ta Tudun Wada: Na goyi bayan Alhaji. Ku ƙara kwana ɗaya saboda Dagona, kusa da Gashuwa, cikin fadamar Haɗeja da Nguru. Da hunturu tsuntsaye ke saukowa daga Turai suna cika ruwan. Lokacin tafiya kuma Nuwamba zuwa Fabrairu. Nuwamba ta fi, domin a Disamba da Janairu hazo kan rufe sararin har tudun da kuka zo gani ya ɓace muku. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, kada ma ku fara.

Ɗan Samaru: Mun gode, Baba Alhaji, mun gode Malama. Biyu cikinmu Boxer gare su, ɗaya TVS, ɗaya kuma babban mashin mai inji 600cc. Ƙananan za su iya?

Bakaniken Sabon Gari: Ƙanina, mai babban ne zai fi shan wahala. A rairayi nauyi shi ne abokin gaba. Boxer in ta kafe mutum ɗaya zai ɗaga ta, kuma kayanta na nan a Nguru da Gashuwa.

Abin da ke kashe inji a can ƙura ce. Iya-kilina, wato matatar iskar inji, in ta soso ce, a wanke da kananzir kowace yamma, a matse, a bar ta ta bushe, a shafa ɗan baƙin mai kaɗan a sake matsewa. In ta takarda ce a kakkaɓe kawai, kada mai ya taɓa ta, kuma a riƙe wata sabuwa. Ku duba robar da ta haɗa ta da kabireta. Tsaga kaɗan ta isa yashi ya shiga, ya cinye ringi da fistin, mashin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai.

Ku juye baƙin mai a Zariya kafin ku tashi, 20W-50, kowa ya ɗauki ƙarin lita ɗaya. Cen kuma, wato sarƙar mashin, kada a yi mata wanka da mai kamar a gari. Mai da yashi in sun haɗu suna niƙa haƙoran sifaket. A goge da tsumma, a ɗiga kaɗan, a sake gogewa. A bar mata sassauci kamar yatsa biyu, don in ta yi tauri ga kaya a baya, ko ta tsinke ko ta ci boris.

Jakar kowa: tub na gaba da na baya, faci da gam, famfon hannu, ƙarfen cire taya biyu, fulogi biyu, wayar kuloci, wayar totur, joyin cen, sifana 8, 10, 12, 14 da 17. Filetin kuloci saiti ɗaya ya ishi tawaga.

Mai faci na Kwangila: Oga ya gama magana, saura taya. A kwalta ku bar iska yadda kamfani ya rubuta. Da kun sauka rairayi ku rage zuwa PSI 15 ko 18 a geji, taya ta baje ta daina nitsewa. Kada ku yi ƙasa da haka. Taya za ta zame a kan rim ta ja tub, bawul ya tsinke daga gindi, wannan kuwa faci ba ya gyara shi. Ku kwance ɗan notin bawul ɗin ya koma sama, in kun ga bawul ya karkace kun san taya ta fara zamewa. Da kun hau kwalta ku mayar da iska nan take. Ƙayar aduwa tana huda taya kamar ƙusa, saboda haka a kashe mashin nesa da gindin bishiya a taka zuwa inuwa.

Alhaji na Ƙofar Doka: Tuƙin ma nasa daban. Giya ta biyu, totur daidai ba fizga, nauyin jiki a baya, a sassauta riƙon kan mashin ya yi rawarsa. Birkin gaba a manta da shi. In tayar baya ta fara haƙa rami, a saki mai. Wanda ya dage yana murzawa da rabin kuloci zai ƙone filet cikin mintoci. A sauka, a kwantar da mashin gefe, a cike ramin, a tayar, a tura shi a giya ta ɗaya ana tafe a gefensa. Kada kowa ya haye ƙololuwar tudu da gudu: gefen da iska ke bugawa a kwance yake, ɗaya gefen kuwa gangare ne tsaye. Ku shiga bayan asuba, yashi ya fi ƙarfi da sanyin safiya, ku fito kafin azahar. Injinan nan iska ke sanyaya su, a hutar da su minti goma duk awa.

Malama ta Tudun Wada: Ruwa lita biyar zuwa shida ga kowane mutum a rana, ban da na alwala. Wanda kansa ya fara sarawa ko fitsarinsa ya yi duhu, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Rigar sanyi da bargo dole ne, daren can na da sanyi. Hular kwano mai gilashi, da rawani a ƙarƙashi ya rufe hanci.

Ɗan Samaru: Fetur fa? Da jami'an tsaro?

Bakaniken Sabon Gari: Lissafa cewa a rairayi mashin zai sha kusan ninkin abin da yake sha a kwalta. Ku cika tanki a Gashuwa, kowa da jarkar lita biyar a ɗaure ƙasa-ƙasa, nesa da salansa. In dole ta sa ku sayi na kwalba, ku tace da kyalle mai tsabta, don datti na toshe jet.

Alhaji na Ƙofar Doka: Yobe ta daɗe da dokoki kan hawa babur, kuma sun bambanta daga ƙaramar hukuma zuwa wata. Kafin ku bar Zariya ku kira wani a Gashuwa ya tabbatar muku da halin da ake ciki a satin. Takardun mashin, lasisi da katin ɗan ƙasa su kasance a aljihun gaba, ku rage gudu tun daga nesa a kowane shinge, ba tafiyar dare. A Yusufari ku fara gaida hukuma da mai gari, ku nemi ja-gora ɗan yankin mai jin Barbarci, ku daidaita kuɗinsa tun kafin a tashi. Sabis na yankewa a cikin tuddan, iyakar Nijar kuma ba nisa, iska na shafe sawu cikin ɗan lokaci. Ku bar wa wani a gari lokacin da za ku dawo.

Ɗan Samaru: Allah ya saka da alheri. Oga, ranar Asabar za mu kawo mashinan huɗu ka duba.

Bakaniken Sabon Gari: Ku zo da safe, kuma ku zo da kayan a ɗaure yadda za ku tafi da su, in ga yadda kariyar ɗora kaya da shokozoba za su ɗauka.