Neman kalma: me za mu kira "musical" da Hausa? Shirin gobe ne

Mai Shiri (Nima): Salamu alaikum jama'a. Gobe da dare ina da filin al'adu a rediyo, zan ba da tarihin wani wasan daɓe na Amurka, Merrily We Roll Along, wanda Stephen Sondheim ya yi wa waƙoƙi, Hal Prince ya ba da umarni. An buɗe shi a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan daɓe ta birnin New York, ranar 16 ga Nuwamba 1981, aka yi shi sau 16 kacal, aka rufe ranar 28 ga watan. Irinsa ne Turawa ke kira "musical". Na rubuta "wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe da raye-raye", amma zan ta maimaita shi, numfashina ba zai kai ba. A taimaka.

Ɗan Sabon Zango: Konsat mana. Kowane tsoho a Ankara, babban birnin Gana, ya san konsat.

Hajiyar Mamobi: A'a ɗana. Konsat tamu ce ta Gana, irin ta su E. K. Nyame da Akan Trio: makaɗan hailaif, barkwanci, namiji ya ɗaura zane ya fito a mace, a yi ta yawo gari gari. In ka ce konsat, mai sauraro zai zaci wasan ban dariya ne. Kuma ita ba rashin 'yan kallo ya kwantar da ita ba, dokar hana fitar dare ce bayan juyin mulkin Rawlings na ƙarshen 1981, sannan bidiyo ya zo ya ƙarasa.

Malam (Kumasi): Hausa ba ta gaza ba, mu ne muka yi lalaci. Waƙa da kwaikwayo, a haɗe su: WAƘAIKWAYO. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita. Jam'inta waƙaikwayoyi.

Ɗan Sabon Zango: Malam, da girmanka, na gwada faɗinta harshena ya harɗe.

Baƙo daga Kano: Allah gafarta Malam, a kunne za a ji "waƙar kwaikwayo", wato waƙar da aka kwaikwayo daga wani. Mu dai "wasan daɓe" muke cewa, sai a ƙara "na waƙa". Kada dai a ce gala, don gidan gala wani abu ne daban, sunansa ma ba shi da kyau.

Mai Shiri (Nima): Bari in ƙara bayani, ko zai taimaka. A wannan wasa waƙar ce ke tura labarin gaba, in ka cire ta labarin ya yanke, ba kamar fim ɗin Indiya ba da za ka tsallake waƙa ka ci gaba da kallo. Labarin abokai uku ne, kuma da baya da baya ake ba da shi: a fara da su sun manyanta, abota ta lalace, a ƙare da su matasa a kan rufin bene a 1957 suna hangen tauraron ɗan'adam na Sputnik. Prince ya ɗauko yara matasa, wasu ba su kai 20 ba, su fito a dattawa tun farkon wasa. 'Yan kallo suka kasa gane waye wane, har aka watsar da kayan da aka ɗinka, aka sa musu riguna masu rubutu a ƙirji da ke faɗin matsayin kowa. An sauya babban ɗan wasa da mai tsara rawa tun kafin buɗewa. Duk da haka mutane na ta ficewa a lokacin hutun rabin wasa.

Malam (Kumasi): To ka gani. Waƙa da kwaikwayo sun zama abu guda, kalmar ma ta zama guda.

Hajiyar Mamobi: Ni dai a ce "diramar waƙa". Gajeriya ce, jikata ma za ta gane.

Malam (Kumasi): Dirama Turanci ce, Hajiya. Haka muka wayi gari yaran Zango ba sa iya jimla ɗaya sai da Turanci ko Tuwi, yaren Asante, a ciki.

Baƙo daga Kano: Gaskiya Hausar Gana sai a hankali. Ku bar mana ƙirƙirar kalma, akwai masana a jami'o'inmu.

Ɗan Sabon Zango: Ikon Allah! Ku da kuke cewa "darakta" da "furodusa" da "lokeshan" a Kannywood? Kakanninmu sun zo fataucin goro Salaga da Hausarsu tun kafin a haifi jami'ar. A Gana Alhaji Umaru na Kete Krachi ya yi waƙoƙinsa.

Baƙo daga Kano: Shi ma ai a Kano aka haife shi.

Hajiyar Mamobi: Kai, ku bari! Bawan Allah na da shiri gobe.

Mai Shiri (Nima): Na gode Hajiya. Ga abin da zan yi: a farko in faɗi doguwar sau ɗaya, in bayyana, daga nan in riƙa cewa "diramar waƙa". Ina buƙatarta har ƙarshe, don labarin bai tsaya a 1981 ba. Washegarin rufewa 'yan wasan suka shiga situdiyo suka ɗauki waƙoƙin a faifai, faifan ya riƙe sunan wasan, aka yi ta gyara shi, har ya dawo Broadway a 2023 da Daniel Radcliffe a ciki, ya ci lambobin yabo 4 na Tony, babbar kyautar wasan daɓe ta Amurka, a 2024.

Malam (Kumasi): Shirinka ne. Amma ka ambaci tawa ko sau ɗaya, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai Shiri (Nima): In lokaci ya ragu, Malam. Saura ɗaya: kafin ranar buɗewa sun yi wasan sama da sau 40 a gaban 'yan kallo masu biyan kuɗi, ana gyara kullum. Shi kuma me za a ce? "Gwaji" bai yi mini ba, tunda an sayar da tikiti.

Ɗan Sabon Zango: Ɗanɗano.

Baƙo daga Kano: Ɗanɗano kyauta ake bayarwa.